Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864): Malamar da Ta Mayar da Ɗalibanta Malamai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban aji mai cunkoso, ko da a lokacin koyarwar gwaji ne a wata firamare ta Dutse ko Kiyawa ko Jahun, ya san wata matsala wadda ba ta da sauƙin magani. Malami ɗaya ne, ga kuma yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa. Zai iya yi musu bayani su duka a lokaci guda, amma ba zai iya sauraron kowannensu don ya tabbatar abin da ya faɗa ya zauna ba. Masana ilimi na wannan zamani suna ba da shawarar a rarraba wannan nauyi, wato ɗalibai su riƙa jagorancin junansu wajen koyo, su kuma riƙa auna aikin juna. Da yawa daga cikin ɗaliban kwalejojin ilimi sukan ɗauka cewa wannan dabara baƙuwa ce, a cikin littattafan Turawa ta iso ƙasar Hausa. Tarihin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya isa ya gyara wannan zato. Ɗalibanta matan ƙauyuka ne da na rugage waɗanda ke warwatse a nesa da ita, mafi yawansu kuma ba su da halin barin ɗakunan aurensu su zo inda take. Duk da haka karatunta ya kai gare su, ya kuma ci gaba da kai wa 'ya'yansu da jikokinsu bayan ta kwanta dama.

Haihuwarta da gidan da ta tashi

An haifi Nana Asma'u a garin Ɗegel ta ƙasar Gobir a shekarar 1793. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada, Hussaina ya kamata a kira ta, amma mahaifinta ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri a ɓoye lokacin hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka sauran matan Shehu ne suka rene ta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan na daga cikin dalilan shaƙuwar da ke tsakaninta da Bello, wanda ya girme ta da kimanin shekara goma sha biyu, ya kuma zama yayanta da malaminta da abokin aikinta har ƙarshen rayuwarsa.

Ɗegel a wancan lokaci ƙaramin gari ne, amma cike yake da almajirai da littattafai. Gidan Shehu gida ne da ilimin mata ba abin mamaki ba ne a cikinsa. Shehu da kansa ya yi kakkausar suka, a littafinsa Nurul Albab, ga malaman da ke wuni suna karantar da almajiran waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Tun kafin a haifi Asma'u ma, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya zargi jama'ar Shehu da barin mata su halarci wa'azi, Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa ya mayar masa da amsa cikin waƙa, inda ya nuna cewa barin su a jahilci shi ne mafi girman laifi. A cikin wannan yanayi Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi da nahawu da sufanci. Yayarta Hadiza ta mayar da Muhtasar na Halilu zuwa Fulatanci, abin da ke nuna irin zurfin karatun da ake ba 'ya'ya mata a gidan. Ita kuwa Asma'u ta tashi da harsuna huɗu: Fulatanci, wanda shi ne harshen gida, da Larabci, da Hausa, da kuma harshen Buzaye.

Akwai wani abu game da karatun irin wannan gida da ya kamata mai nazarin dabarun koyarwa ya lura da shi. Ba a raba mutane gida biyu, waɗannan malamai waɗancan ɗalibai. Wanda ya sauke littafi yau, gobe shi ne zai biya wa na bayansa, alhali shi ma yana zaune gaban wani da wani littafin. Mace takan karanta a wurin mijinta ko yayanta, ta juya ta karantar da ƙannenta da barorin gida. Asma'u ba ta ƙirƙiro wannan al'ada ba, a cikinta ta buɗe ido. Abin da ta yi daga baya shi ne ta fitar da ita daga cikin gidan malamai, ta shimfiɗa ta a kan ƙasa guda.

Hijira da shekarun yaƙi

Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya dangantaka ta lalace tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, an ɗora littattafai a kan raƙuma. A watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'a suka yi nasara, amma kafin shekarar ta ƙare suka sha mummunan kashi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka rasa rayukansu. Daga nan sai yunwa da ciwo da yawo daga sansani zuwa sansani, har aka zauna a Gwandu. A cikin wannan hali aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, a shekarar 1807. Shekara guda bayan haka Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi.

Yarinyar da ta ga waɗannan abubuwa da idonta ta koyi darasi biyu da suka bayyana a ayyukanta na baya. Ta ga yadda ilimin da ke cikin ƙirjin mutane kaɗan yake iya salwanta a yini ɗaya. Ta kuma ga yadda yaƙi ke tara mata da yara marasa galihu, zawarawa da marayu da kamammu, waɗanda babu wanda ya tanadar musu makaranta.

Zaman Sakkwato da fara rubutu

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, Hassan tagwaicin Asma'u ma ya rasu a wannan shekara. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama wazirinsa. Gidan Waziri ya zama masaukin baƙi da manzanni da malamai daga ƙasashe daban-daban. A hannun Giɗaɗo Baturen nan ɗan yawon bincike, Kyaftin Clapperton, ya sauka lokacin da ya zo Sakkwato a 1824. Asma'u ta haifi 'ya'ya maza, babbansu Abdulƙadir, wanda ya gaji mahaifinsa a wazirci. Tana cikin hidimar wannan babban gida ta rubuta littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820. Ta kuma taimaka ƙwarai wajen tattara rubuce-rubucen mahaifinta da adana su.

Ayyukanta da suka iso hannun masu bincike sun kai kimanin sittin, galibinsu waƙoƙi. Abin lura shi ne yadda take zaɓen harshe gwargwadon wanda take son ya ji. Idan da malamai take magana, da Larabci take yi, kamar waƙar maraba da ta yi wa wani malamin Shingiɗi da ya ziyarci Sakkwato. Idan da danginta ne da Fulanin jama'a, sai ta yi da Fulatanci, kuma da shi ta yi mafi yawan marsiyyoyinta. Hausa kuwa ta keɓe ta ga talakawa, musamman mata, domin ita ce harshen kasuwa da ƙauye, ita ce kuma harshen da bayi da kamammun yaƙi suke fara koya.

Sau da yawa aiki ɗaya yakan bi ta hannu biyu ko uku kafin ya kai ga jama'a. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki game da zalunci, Shehu ne ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831. Bello ya rubuta Kitabun Nasiha da Larabci a kan salihan mata, ita kuma ta mayar da shi waƙa da Fulatanci a 1836, sannan da Hausa a 1837 da sunan Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ba fassara kawai ta yi ba, domin bayan matan Annabi da irin su Rabi'atul Adawiyya, ta ƙara sunayen matan jama'ar Shehu waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu, irin su Habiba da 'Yar Hindu. Tarihin jihadi da ta waƙe da Fulatanci a 1839, ƙanenta Isa ne ya mayar da shi Hausa, shi ne ake kira Waƙar Gewaye. Wanda zai fassara aikin ɗan'uwansa ko ya yi masa tahamisi dole ya karanta shi baiti baiti, ya auna ma'ana da kari, ya gano inda aka taƙaita da inda aka faɗaɗa. Ke nan a cikin gidan Shehu ma, duba aikin juna wani ɓangare ne na yin aikin.

'Yan Taru

Bayan an ci Gobir da sauran ƙasashe, daular ta cika da mata waɗanda aka shigo da su gidajen Musulmi ba tare da sun san komai na addini ba. A ƙauyuka kuwa bori yana nan da ƙarfinsa, domin shi ne wurin da mace take zuwa idan ciwo ya dame ta, ko haihuwa ta ƙi, ko zaman gida ya yi tsami. A tsohuwar Gobir, Inna, wato 'yar'uwar sarki, ita ce shugabar bori, tana da faɗa-a-ji a kan matan ƙasa baki ɗaya. Hana bori da doka ba zai cike gurbin da ya bari ba. Mazan malamai ba sa shiga gidajen mutane su karantar da matan aure, Asma'u kuwa matar waziri ce, ba za ta riƙa bin ƙauyuka ba. Idan aka bar abin haka, za a wayi gari 'ya'yan daular suna tasowa a hannun iyaye mata da ba su san alwala ba.

Hanyar da ta bi, wadda ta kankama tun daga shekarun 1830, ita ce aka sani da 'Yan Taru. Daga kowane gari ko ƙauye akan sami mace dattijuwa, mai hankali da riƙon amana, wadda matan wurin suka yarda da ita. Asma'u takan naɗa ta jaji, wato sunan da ake kiran jagora a cikin ayarin fatake. Alamar naɗin ita ce malfa, a kuma ɗaura mata jan ƙyalle a kanta. Malfar nan tana daga cikin kayan da aka san Innar Gobir da su, don haka duk macen da ta ga jaji ta san cewa ga mai iko, sai dai ikon ya koma na karatu. Wannan hikima ce ta mai sanin halin mutanenta. Ba ta zo musu da alamar da ba su sani ba, tsohuwar ta ɗauka ta ba ta sabon aiki.

Idan rani ya yi, an gama aikin gona, sai jaji ta tattara ayarinta su kama hanyar Sakkwato ko Wurno a ƙafa. Iri biyu ne suke tafiya: 'yan matan da ba su kai aure ba, da dattijan matan da suka daina haihuwa. Matan aure masu ƙuruciya sukan zauna a gida, amma sukan ba da saƙo, su kuma aika da sadakarsu ta hatsi ko zuma ko man shanu ko zane. Asma'u takan karɓi waɗannan kaya ta rarraba wa mabuƙata. A ɗakinta suke zama, ta biya musu waƙoƙin da ta shirya, ta warware musu ma'ana, ta saurari matsalolin da suka zo da su daga gida. Idan suka koma, jaji da abokan tafiyarta ne za su shiga gida gida su biya wa waɗanda ba su je ba. Yarinyar da ta je Sakkwato bana, baɗi ko wata shekarar tana ɗakin aure, ita ce kuma malamar kishiyoyinta da maƙwabtanta da 'ya'yanta.

Idan aka dubi tsarin da idon malamin makaranta, za a ga cewa kaso kaɗan ne na koyarwar yake gudana a gaban babbar malama. Kwanaki ƙalilan ake yi a wurinta, sauran watannin shekara kuwa ɗalibai ne da junansu. Jaji ba baƙuwa ba ce da aka turo daga birni. Tare ake daka da ita, tare ake zuwa rijiya, ta san wadda mijinta ke da tsanani da wadda goyo ya hana ta zama. Mace takan iya tambayar 'yar'uwarta abin da kunya ba za ta bar ta ta tambayi malami namiji ba, musamman abin da ya shafi tsarki da jinin al'ada da na biƙi. Ayyukan 'Yan Taru kuma ba su tsaya ga karatu ba. Sukan yi jinyar marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa, su sasanta masu husuma, wato abin da aka koya ana ganin sa a aikace, kowa kuma shaida ne a kan kowa.

Waƙa a matsayin ma'auni

Duk tsarin da ya dogara ga ɗalibi ya koyar da ɗalibi yana da haɗari guda: kuskure ma yakan yaɗu kamar yadda daidai yake yaɗuwa. Idan jaji ta manta wani abu a hanya, ko ta juya shi, ƙauye guda ne zai ɗauka a juye. Mafi yawan matan nan ba sa karatun ajami balle su duba takarda. A nan ne zaɓen da Asma'u ta yi na koyarwa da waƙa ya nuna amfaninsa.

A ɗauki misalin waƙarta ta sunayen surorin Alƙur'ani. Ta tsara ta da Fulatanci a 1829, da Hausa a 1838, da Larabci a 1850. A cikin baiti talatin ta jera sunayen surori ɗari da goma sha huɗu. Macen da ke rera wannan waƙa a tsakar gida, idan ta tsallake sura ɗaya, karin baitin zai gurgunce, kunnen duk wadda ta taɓa jin waƙar zai kama. Idan ta sauya kalmar ƙarshe, amsa-amo zai karye. Idan ta yar da baiti, lissafi ba zai cika talatin ba. Ba a buƙatar malama a wurin kafin a gane an yi kuskure, domin ma'aunin yana cikin darasin kansa, kuma yana hannun kowa. Wannan shi ne ginshiƙin abin da masana suke nufi da ɗalibai su auna juna: kafin a ce wa yaro ya duba aikin ɗan'uwansa, sai an ba shi abin da zai duba da shi, bayyananne, wanda ba ya buƙatar son rai. Malamin da ya ce wa 'yan aji su musanya littattafai su ba juna maki, ba tare da ya nuna musu siffar amsa mai kyau ba, rigima kawai ya haɗa.

Ɗaliban da suka fito daga ƙasar Jigawa ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin tsangayun Alƙur'ani da yankin ya shahara da su suna da irin wannan tsari. Gardi yana biya wa kolo, titibiri yana sauraron na ƙasa da shi, a zaman darasu kuma ana baje allunan satu a gaban mahaddata, kowa ya zuba ido, a fitar da gyara ko da na wasali ɗaya ne. Ba a ɗaukar gyaran a matsayin cin fuska, domin mai gyara yau shi ne za a gyara wa gobe. Bambancin kawai shi ne tsangaya ta maza ce masu allo da tawada, Asma'u kuwa ta nemo wa matan da ba su da allo abin da zai tsaya a madadinsa.

Sai dai dole a faɗi iyakar wannan dabara. Kari da amsa-amo lafazi suke tsarewa, ba sa tabbatar da cewa an fahimci ma'ana. Mace tana iya rera Goɗaben Gaskiya daga farko har ƙarshe ba tare da tuntuɓe ba, amma ta kasa bayyana abin da baiti ɗaya yake nufi. Maganin wannan shi ne komawar da ayari yake yi wurin malama shekara shekara. A nan ake kawo tambayoyin da suka gagari jaji, a nan ake daidaita abin da ya karkace. Awon da ɗalibai ke yi wa juna bai ɗauke wa malama nata aikin ba, rage mata abin da kunnen kowa zai iya kamawa ya yi, ya bar mata abin da sai ita.

Wani abin sha'awa shi ne, a daidai zamanin da Asma'u take ƙuruciya, Turawan Ingila ma suna fama da wannan matsala ta yawan yara da ƙarancin malamai. Wani limamin coci mai suna Andrew Bell, wanda ya shugabanci makarantar marayu a Madras ta ƙasar Indiya, ya ga yara suna koya wa juna rubutu a kan yashi, ya ɗauki dabarar ya wallafa ta a 1797. Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan a 1798 inda malami ɗaya yake karantar da ɗaruruwan yara ta hannun manyan ɗalibai. Waɗannan manyan ɗalibai su ne ake kira monita. Amma nasu tsarin ya ginu ne a kan gasa da jerin matsayi da horo, monita yana maimaita abin da aka ba shi kamar inji, kuma kafin tsakiyar ƙarni na sha tara an fara watsar da shi. Monitan da ya rage a azuzuwan yau galibi rubuta sunayen masu surutu ne aikinsa. Jaji kuwa amana aka ba ta, kuma tun kafin a naɗa ta waɗanda za ta jagoranta sun riga sun yarda da ita. Wataƙila wannan ne ya sa nata tsarin ya fi daɗewa.

Darajar da Asma'u take ba waɗannan mata ta fito fili a marsiyyoyinta. Ta yi wa Bello marsiyya, ta yi wa mijinta, ta yi wa ƙawarta A'ishatu matar Bello. Amma a cikin jerin akwai wadda ta yi, a ƙarshen shekarun 1850, ga wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ba 'yar sarauta ba ce, ba kuma shahararriyar malama ba. Ta yabe ta da jagorancin mata zuwa neman ilimi shekara da shekaru domin Allah. Akwai kuma wadda ta yi wa maƙwabciyarta Halima, da Hausa. A adabin wancan zamani, inda aka saba yi wa sarakuna da manyan malamai marsiyya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙarshen rayuwarta da waɗanda suka gaje ta

Bello ya rasu a Wurno a 1837, shekara guda bayan yaƙin Gawakuke, wanda Asma'u ta waƙe labarinsa. Bayan rasuwarsa, ita da Giɗaɗo suka duƙufa wajen rubuta tarihin Shehu da na Bello domin masu tasowa da ba su ga zamanin ba. Giɗaɗo ya riga ta rasuwa, ta kuma ga zamanin sarakunan Musulmi da dama, waɗanda suke girmama ta suna neman shawararta. Jama'a sukan kira ta Uwar Gari. Ba ta ajiye alƙalami ba har tsufa, domin Dalilin Samuwar Allah, waƙar tauhidi da ta tsara da Hausa, ta 1861 ce, lokacin tana gab da shekara saba'in. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, kusa da mahaifinta.

Ƙanwarta Maryamu ce ta karɓi jagorancin 'Yan Taru. Maryamu ta taɓa zama a Kano a matsayin matar Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, a lokacin da Dutse da Birnin Kudu da Ringim da Jahun duk suke ƙarƙashin masarautar Kano. Bayan rasuwarsa ta koma gida, amma sarakunan Kano ba su daina ganin girmanta ba. Daga Maryamu sai Tamodi, ɗaya daga cikin jikokin Shehu. Zuwan Turawa a 1903 ya rushe mulkin daular, amma ayarin mata bai daina zuwa ba, domin tsarin bai dogara ga baitulmali ko umarnin sarki ba.

Zuriyarta ce ta ci gaba da riƙe wazircin Sakkwato, kuma a gidan Waziri takardunta suka kasance a adane. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ne ya buɗe su ga Jean Boyd, wata malamar makaranta Baturiya da ta shafe shekaru tana koyarwa a Sakkwato. Boyd ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997, da matanin asali da fassarar Ingilishi. A lokacin bincikenta ta tarar da dattijan mata a ƙauyukan Sakkwato waɗanda ake kira jaji, suna rera waƙoƙin Asma'u da ka, fiye da shekara ɗari bayan rasuwarta. Daga baya wasu Musulmi mata a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiyar karatu, suka raɗa mata suna 'Yan Taru, suka kuma riƙa kiran jagororinsu jaji.